Sharrin da Na Yi wa Malamin da Ya Zo Daga Kudu

A lokacin ina matashin malamin Hausa a wata ƙaramar sakandare da ke cikin karkarar Bagwai, kuma ina ji da kaina sosai, don duk ƙauyenmu ba wanda ya kai ni karatun boko. Sai aka turo mana wani malamin Turanci daga Kudu. Mutum ne mai fara'a, yana kaɗa jita, yana kuma rubuta littafin labari. Idan darasi ya gagari ɗalibai sai ya mayar da shi waƙa, nan da nan su haddace. Kafin shekara ta zagayo ya iya Hausa, har gayya yake zuwa ya kama fartanya tare da manoma. Da na ga yara da iyayensu sun fi sonsa, sai hassada ta cika mini ciki.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta ya miƙo mini rubutun littafinsa. Ya ce a kan rayuwar manomanmu ne, ya roƙe ni in gyara masa kalmomin Hausar da ke ciki, domin da ni ya fi amincewa. Na karanta, na san ba aibu a ciki. Amma sai na je wajen dattawan gari na ce baƙon nan yana rubuta mu a matsayin jahilai don a yi mana dariya a garinsu. Ba mai jin Turanci a cikinsu, don haka maganata suka ɗauka. Aka hana yara shiga ajinsa, aka daina amsa gaisuwarsa. Ranar da zai tafi ya zo har ƙofar gidana, ya ce bai san laifin da ya yi wa mutanen nan ba, ya nemi in roƙar masa gafararsu. Na kasa ɗaga kai in dube shi.

Bayan shekaru na ji ana hira da shi a rediyo, ya zama shahararren marubuci, yana koyarwa a jami'a. Ya ce a ƙauyenmu ya ga karamci, kuma yana da aboki malamin Hausa da ba zai manta ba. Bara labarin rasuwarsa ya iso ni, ban taɓa neman yafiyarsa ba.

Na tara dattawan da suka rage na faɗa musu gaskiya, amma wanda ya kamata ya ji ba ya nan. Jama'a, ku ji tsoron Allah a kan baƙon da ya amince da ku. Wanda kuma ya san ya cuci wani, ya neme shi tun yana raye.