Motar Da Ta Tayar Da Kanta A Shingen Sojoji

A shekarun da Maiduguri ta koyi yin shiru, ni ma na rage surutu, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matata takan ce ko a cikin barci musu nake yi. Musun kuwa ɗaya ne tun ina saurayi: mota.

Majalisarmu tana Umarari, ƙarƙashin wata dalbejiya a gaban shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. A garin nan aka haife shi, Barbarcinsa ya fi nawa daɗi, kuma kowa Oga yake ce masa. Da can in aka yi la'asar benci ba ya isar mu. Akwai masu cewa motar Jamus ce kaɗai mota, akwai 'yan Japan, akwai wani tsoho da ya tsaya a kan motar Faransa har Allah ya karɓi ransa. Ni ne mai kawo labarin abin da ke tafe. Duk tsohuwar mujallar mota da ta shigo garin sai ta bi ta hannuna. Tawa motar kuwa tsohuwa ce mai fasasshiyar salansa, in na tayar da ita a Umarari sai an toshe kunne a Shehuri.

Da rikicin ya yi tsanani majalisa ta watse. Zama a taru ya zama haɗari ta kowane ɓangare. Yaran, kamar yadda muke kiransu don ba ma kama sunansu, suna iya buɗe wuta a kan taro. In kuma wani abu ya fashe a kusa, duk namijin da aka samu a zaune sai ya yi bayani. Muka rage mu uku: ni, da Oga, da wani Alhaji dillali mai sauko da motoci daga Kwatano. Muka shigar da bencin cikin shago, tsakanin tayoyi da galan-galan na baƙin mai, muna musu ƙasa-ƙasa kamar masu zaman makoki.

Mota ma ta daina zama abin sha'awa. In aka ga wata a ajiye ba mai ita, layin gaba ɗaya sai ya watse. A shingen sojoji kuwa akwai ƙa'idar da ko yaro ya haddace. Tun daga nesa za ka tsaya, ka kashe inji, ka zare makulli, ka fito ka ɗaga shi sama a hannunka, ka yaye riga a ga cikinka, sannan ka tako a hankali. Su sojojin da kunne suke gane ka kashe mota. Mu ma da kunne muke ganewa. Tun da aka kawo mota ƙasar nan, in ta yi shiru to ta mutu.

Wata ranar bayan azahar, a shekarar da aka yanke layukan waya, muna zaune sai Alhaji ya leƙo.

"Malam, fito ka ga abin da ka daɗe kana cika mana kunne da shi."

Ba mu ji zuwansa ba. Ga mota ruwan toka a bakin shago, siririyar gaba, doguwar baya, tana sheƙi.

"A kunne take?" Oga ya tambaya.

"A kunne take."

Oga ya kara kunne a bonet kamar likita, ya ɗago. "Alhaji, an cuce ka. Sun cire injin a Kwatano, turo ka aka yi."

Nan na samu abin da nake so. Na gyara tsayuwa na yi musu bayani: zuciya biyu gare ta, ta fetur da ta batir. In tana tafiya a hankali da batir take tafiya, ba ƙara, ba hayaƙi. In batirin ya yi ƙasa sai injin ya farka da kansa ya ciyar da shi, ya koma barci. Na ce nan da 'yan shekaru duk duniya irinta za a hau, masu gidan mai su koma sayar da ƙosai.

"Wato ita ke yanke wa kanta hukunci," in ji Oga. "A garin nan? Mu ma mutane mun daina."

Ya sa aka buɗe but ɗin bayan motar, ya ɗage shimfiɗa, ya ɓalle wani murfin roba da ke jikin kujerar baya. Ga wani akwatin ƙarfe, manyan wayoyi ruwan lemo suna fita daga jikinsa. Na ce batirin ke nan. Oga ya dube shi ya daɗe, ya mayar da murfin a hankali, bai yi dariya ba.

Makullinta ma ba makulli ba ne. Wani ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana, da maɓallai a jiki, irin rimot ɗin talabijin. A aljihu ake barin sa, a danna wani maɓalli kusa da sitiyari, shi ke kunnawa shi ke kashewa.

Alhaji zai kai ta unguwar GRA wani babban ma'aikaci ya gani. Na ce ko da zan mutu sai na tuƙa ta. Haka na faɗa, da bakina. Ya jefo mini rimot ɗin, na sa a aljihu, na shiga. Tun da ya zo bai kashe ta ba, don haka yatsana bai taɓa maɓallin nan ba ko sau ɗaya.

Tafiyar kamar a kan katifa. Sanyin iyakwandishan yana bugun fuskata, ina yi wa Alhaji lacca, har muka hango buhunan yashi da ganguna a tsakiyar kwalta. Lacca ta ƙare. Muka bi layi. Da aka zo kanmu wani soja ya ɗaga hannu tun daga nesa, na taka birki, na sa giyar tsayawa. Hannuna ya tafi inda ya saba zuwa don murɗa makulli, ya kama iska. Na saurara. Shiru. Alhaji ya riga ya fita da hannuwansa a sama, sojan yana yi mini alama in yi sauri. Kunnena ya ce mini ta mutu, na yarda da shi. Na zaro rimot daga aljihu na ɗaga sama kamar yadda ake ɗaga makulli, na fita.

Muka yaye riguna. Tumbina dai ko a zaman lafiya abin tuhuma ne, amma ranar ba shi sojan ke kallo ba.

"Baba, mene ne wannan a hannunka?"

"Makulli ne, yallaɓai."

"Makulli?"

A daidai nan injin ya tashi a bayanmu.

Ba ƙara mai yawa ba ce, ɗan gurnani ne kawai. Amma mota ce ba kowa a ciki, a gaban shinge, ga kuma mutum riƙe da abu mai maɓallai. Kafin in juya sojan ya ɓace bayan buhuna. Na ji ƙarar bindigogi ana ɗana su ɗaya bayan ɗaya. Motocin da ke bayanmu mutane suka bar su a buɗe suka tsere. Wata mai sayar da gyaɗa ta bar farantinta yana juyi a ƙasa.

"Ku kwanta!"

Muka zube. Kwalta kamar kaskon suya, amma sai daga baya na ga ƙunar a kumatuna.

Wata murya ta daban ta fito daga bayan buhunan, ta babbansu, wani saje. Bai ɗaga ta ba, kuma wannan ya fi tsorata ni.

"Kai mai farar riga. Kada yatsanka ya motsa. In ya motsa ba za ka ji ƙarar ba. Wa ke cikin motar?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To wa ya tayar da ita?"

Ni da na shekara da shekaru ina bayanin mota ga wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba, sai harshena ya zama itace. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ita ce. Zuciya biyu gare ta." Na ji maganar a kunnena, na san in ni ne ke riƙe da bindiga ba zan yarda ba.

Alhaji yana gefena, fuska a ƙasa, yana ta salati. Da ƙyar ya haɗa kalmomi ya ce sabuwar ƙira ce, ba a kashe ta ba ne, akwai maɓalli a ciki.

"To a je a kashe," in ji sajen. "Mai farar riga, ajiye abin nan a ƙasa a hankali. Tashi. In abin da kuka ce ne, shi ke nan. In kuma abin da muke zato ne, naka ne."

Na ajiye rimot kamar mai ajiye ƙwai. Kafin in miƙe wani tunani ya faɗo mini. Motar nan ta bi hannu nawa daga Kwatano zuwa nan? Na san injinta yana tashi da kansa, na karanta, ni na faɗa wa mutane. Amma karatun mujalla daban, akwatin da na gani da wayoyi ruwan lemo daban. Ban taɓa ganin cikinsa ba.

"Alhaji," na ce ƙasa-ƙasa, "ina ta kwana jiya?"

"A gareji, bakin gari."

"Wa ke gadi?"

Ya koma salatinsa.

Na tako. Tsakanina da motar bai fi tsawon layin sallah ba, amma na rantse na fi jin nisansa a kan tafiyar Kano. Bayana yana ƙaiƙayi a wurare da yawa, ko'ina ina jin bakin bindiga. Ba waya, ba wanda ya san inda nake sai Oga. Na tuna na ce wa matata zan taho da tumatir.

Ina tsakiyar hanya injin ya yi shiru.

Na daskare da ƙafa ɗaya a sama.

"Wa ya kashe?" in ji sajen.

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Ci gaba."

Na buɗe ƙofa na zauna. Sanyi yana ta fitowa, allon gaban sitiyari yana haske, wasu kibiyoyi suna yawo a kansa. Da na lura da wannan sanyin tun farko da na san tana da rai. Ga maɓallin, zagayayye, da ɗan haske a tsakiya. A garin nan mun san abin da ke biyo bayan danna maɓalli a cikin mota a gaban shinge. Na yi kalmar shahada, na rufe ido, na danna.

Sanyin ya tsaya. Allon ya yi baƙi. Ina nan da raina.

Na leƙo na ce na kashe. Sajen ya ce ta yaya zai sani, ai ɗazu ma haka ta yi shiru. Gaskiyarsa. Ya ce in rufe ƙofa in zauna a ciki sai ya kira ni. Na zauna. Rana ta mayar da motar tanda, gumi ya jiƙa ni har wando, ban yi gigin taɓa komai ba. Ina kallon Alhaji a kwance a kwalta, hularsa ta gangara gefe. Ina roƙon Allah abu ɗaya: kada motar nan ta sake yanke wa kanta wani hukunci.

Sai da inuwar ganguna ta yi tsawo sannan aka aiko soja ɗaya ya bincika. Ya zo yana taku kamar mai tsallake ƙaya. Ya sa na buɗe bonet, ya duba. Ya sa na buɗe but, ya ɗage shimfiɗa da bakin bindiga, ya ga tayar safaya da jak. Murfin robar nan yana gaban idonsa. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi.

"Nan fa?"

"Jikin kujera ne, yallaɓai."

Ya sake dubansa, ya dube ni, ya saki shimfiɗar. A duk rayuwata wannan ne karo na farko da na san wani abu game da mota na kama bakina.

Sajen ya fito, ya ɗauki rimot da yatsu biyu, ya juya shi, ya miƙa wa Alhaji.

"Baba, da yaran nan nawa sun fi haka tsoro, da yanzu ana wanke kwalta. Ku juya. Kada in sake ganin motar nan a hanyata."

Ba mu je GRA ba. Alhaji ne ya tuƙa mu muka koma. Oga yana bakin shago zai kulle saboda dokar hana fita ta kusa. Ya ga rigunanmu da baƙin kwalta, ya ga kumatuna. Ya shiga ya kawo mana ruwa.

Motar ta daɗe a gidan Alhaji lulluɓe da tamfol, ba wanda ya taya, har aka ɗora ta a bayan tirela aka fitar da ita daga garin. Daga ranar musun majalisa ya sauya. Mota mai kyau ita ce wadda ake jin zuwanta daga nesa, mai makullin ƙarfe, mai gilashin da ake murɗawa da hannu, wadda soja zai leƙa sau ɗaya ya ga komai.

Yanzu gari ya lafa, benci ya koma ƙarƙashin dalbejiya, samari suna nuna mini a waya motocin da ba sa shan fetur sam, har da masu tuƙa kansu. Ina yi musu bayani kamar da, ina ma ƙarawa da nawa. Amma kwanaki da Oga ya fito da sabuwar salansa ya ce don Allah in bari a ɗaura wa tsohuwata, maƙwabta sun gaji, na ce ya mayar.

"Bar ta ta yi ihu, Oga. Ina so a ji zuwana, a kuma ji lokacin da na kashe ta."