Dalar Inna Mai Ƙaramin Kai

Shekarar da mahaifiyata ta samu kujerar Makka, ni na naɗa kaina ministan kuɗinta. Babu wanda ya roƙe ni. Amma ni ne ɗanta mai digiri, ni ke koyar da lissafi a sakandare, ni ke zaune Nasarawa cikin Birnin Kebbi har da fanka a falo. Sauran 'ya'yanta suna Zauro cikin taɓon shinkafa, me suka sani game da dala?

Inna ta sayar da shinkafar fadamarta ta ba ni kuɗin a ƙulle cikin gefen zani, in canza mata su zuwa dala. Ta yi mini bayani dalla-dalla: guzurin da ake ba maniyyata na abinci ne da tsarabar jikoki, wannan kuwa na hadaya ne, ragon da alhaji ke yankawa a can. Wanda bai samu yankawa ba sai ya yi azumi goma, uku a Makka, bakwai in ya dawo gida. Ita kuwa ta haura saba'in, ga ciwon gyambon ciki, azumin watan Ramadan ma da ƙyar take kai shi.

Na fara da 'yan canji na kasuwa. Wani dattijo cikinsu, wanda kowa ke zuwa wurinsa, ya faɗi farashi. Na yi murmushin masana, na karanta masa abin da na gani a waya da safe. Ya ce to in je wayar ta ba ni. Kwana uku ina zagaya su, ina ƙona man babur, ina neman ragin da bai kai kuɗin man ba.

Sai wani abokin aikina ya ba ni labarin wani tsohon masunci a Argungu. Da ƙuruciyarsa shi ke tuƙa Turawa masu zuwa kallon bikin kamun kifi cikin kwalekwale, suna ba shi dala, yana tarawa. Yanzu yana son gyaran ɗaki, zai sayar ƙasa da farashin kasuwa. A ranar na hau mota, ina jin tausayin talakawan da ke layi wurin 'yan canji.

Tsohon ya tarbe ni a zaurensa, warin bandar kifi ko'ina. Ya ɗauko gwangwanin madara, ya zaro takardu biyu na ɗari-ɗari, an goge su kamar rigar Sallah. Kuma don kada in yi masa ƙazafi, ya gargaɗe ni.

"Malam, kuɗɗin ga hwa sun daɗe. Ka kai a duba ma tukun."

Na ɗaga su sama na haska, kamar yadda na ga ana yi, ba tare da na san abin da ake nema ba. Na ce masa dala ba ta tsufa, ai ba tumatir ba ce. Da na dawo na biya ta wurin dattijon kasuwa, ba don ya duba ba, don dai ya ji haushi. Ya kalla sau ɗaya ya ce ƙaramin kai ne, tsohon bugu, hoton mutumin ɗan mitsitsi, kuma a can ba kowa ke karɓa ba. Ya ce in kawo ya musanya mini da sababbi, ya cire kaɗan. Na gane nan take hassada ce.

Da rarar da na samu na saya wa Inna fulas ɗin shayi mai fure. A wurin rakiya na ba da labarin cinikin sau huɗu, har ƙannena suka fara kallona da girmamawa.

Ranar da ta dawo muka yanka rago a Zauro. Gida ya cika, ana ta Hajiya sannu da hanya. Ta rame ƙwarai, na ce zafin Makka ne. Ta raba tsaraba, kowane jika da jallabiyarsa, ni ma na samu carbi. Kashegari da rana na kai mata soyayyiyar hanta da kaina, ta ce in rufe in ajiye, tana azumi. Na fara yi mata wa'azi a kan gyambon ciki da abin da likita ya ce.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro ambulan ɗin da na sa mata dalolin a ciki, wanda na rubuta wa suna da jan biro.

"Ga su nan, Malam. Shago huɗu munka tahi, kowa ya duba sai shi girgiza kai. Ni ko na riga na ƙare guzuri ga tsaraba tun Madina, don na san na rago na nan."

Na ce me ya sa ba ta kira ni ba, me ya sa ba ta faɗa wa matan ɗakinsu ba, ai da an haɗa mata.

"In ce musu mi? Ɗana mai digiri ya ba ni takardar banza? Na yi ukku can. Saura bakwai."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta zage ni ba. Na ɗauki hutu a makaranta na zauna Zauro har bakwai ɗin suka cika. Kullum la'asar sai in gan ta kwance a tabarma, ta dafe ciki, tana jan carbi. Da an kira magariba in zuba mata shayi daga fulas mai fure, ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah shi yi mini albarka.