Ƙofar Masana'antar Ƙanƙara ta Hindawiyya

Mun bar Makka da asuba, ana idar da salla, ni da mijin yayata, a tsohuwar motarsa wadda na'urar sanyinta ba ta tashi sai an ɗan doke ta. A jakata akwai tef ɗin awo, littafin zane, fensir uku da kwafin wani tsohon hoto da na samo a ɗakin karatu na makarantarmu.

Masu bibiyata a intanet sun san shekara biyu ke nan ina haɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kan tebur a ɗakina, da tasha da gada da gidaje na kwali da katako. Masana'anta kaɗai ta rage, kuma saura mako biyu a baje kolin ayyukan ɗalibai, inda na riga na ba da sunana. Na zaɓi wata tsohuwar masana'antar ƙanƙara da ke gefen unguwar Hindawiyya a Jidda. Hoton ya nuna bango ɗaya ne kawai, da wata faffaɗar ƙofa da ke can sama, da dogon dakali a gabanta. A littattafan da na karanta, irin wannan ƙofa ta lodin taragon jirgin ƙasa ce. Don haka na shimfiɗa reshen dogo har gindinta, na manne shi da gam. Sai na ji an sayar da filin, za a rushe ginin. Idan ban auna shi yanzu ba, abin da zan kai baje kolin zai zama kintace, ni kuwa ba na son kintace.

Hanyar Jidda shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Mijin yayata haifaffen nan ne, Hausarsa rabinta Larabci, kuma bai yi shiru ba har muka shiga gari. A unguwar Sharafiyya muka karya da ful da tamis mai zafi, wato dafaffen wake da gurasa, riyal biyar suka ƙosar da mu biyu. Ya ce da mai shagon wai ni injiniyan jiragen da tururuwa ke hawa ne. Na sunkuyar da kai ina cin abincina.

Hindawiyya ta sauya. Wurare da yawa sun zama fili, sai tsirarun gine-gine a tsaye. Sau biyu muna ɓata kafin wani mai tsire ya nuna mana lungun. Ginin na farin dutsen teku ne, an gitta katako a cikin bangon bayan kowane 'yan layuka, gishiri ya cinye gindinsa. Ya fi yadda na zata gajarta, ya kuma fi kyau.

A bakin ƙofar shiga wani dattijo yana zaune a kujerar igiya. Shi ne mai gadi, Bahaushe ne daga Sudan. Tun a mota na haddace abin da zan faɗa, amma da na tsaya gabansa sai kunya ta kama ni, na miƙa masa katin makaranta kawai. Bai karɓa ba. Ya dube ni ya tambaya ko a gidanmu da kati ake gaisawa. Mijin yayata ya yi dariya har da riƙe ciki. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, ya tambayi iyayena da garinmu, ya zuba mana shayi da na'ana'a. Sai da muka sha kofi biyu sannan ya ce yalla, in auna abin da zan auna, amma kada in hau rufi.

Na ɗauki awa uku. Na ƙirga layukan dutse, na auna tagogi, na zana yadda daɓen ciki ya karkata zuwa magudana don ruwan da ke narkewa. Da na zo ga dakalin sai lissafi ya ƙi. Tsayinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, ya ɗara bakin kowane tarago da na sani. Na auna sau uku. Na durƙusa ina tonon ƙasa da fensir ko zan ga alamar ƙarfen dogo.

Dattijon ya taso ya tambayi abin da na yar. Na nuna masa hoton aikina a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, jirgi bai taɓa shigowa unguwar nan ba," in ji shi. "Jirgin wannan ƙofa, ga shi a gabanka."

Ya juya baya, ya jingina da dakalin. Bakin dakalin ya zo daidai kafaɗarsa.

Ya ce yana saurayi ya fara aiki a nan. Daga ciki ake turo sandar ƙanƙara, mutum ya tare ta da kafaɗa a kan buhun da aka ninka, ba sai ya sunkuya ba, domin wanda ya sunkuya da wannan nauyi bayansa ba zai kai shekara ba. Daga nan sai sauri zuwa kasuwar kifi ko shagunan shayi kafin rana ta cinye rabi. Ya ce mafi yawan masu dakon ƙanƙarar mutanenmu ne Hausawa, ya lissafa mini garuruwansu. Ya zame rigarsa ya nuna mini kantar da har yau ba ta baje ba.

Na roƙe shi ya sake tsayawa in auna daga ƙasa zuwa kafaɗarsa. Wannan karon ban ji kunya ba. Ya tsaya ƙyam kamar soja, yana cewa in rubuta daidai, kada in rage masa tsawo.

Bayan la'asar muka kama hanya, da ƙunshin tsire a kujerar baya. Muna isa gida na sa wuƙa na ɓanɓare reshen dogon nan da na yi wata guda ina shimfiɗawa. Yanzu jirgina daga nesa yake wucewa. A gindin dakalin na tsayar da mutum huɗu da na sassaƙa, kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba, da sandar ƙanƙara a kafaɗa.

Tafiyar ta koya mini cewa littafi yana faɗin abin da aka saba gani ne a wani wuri, amma dalilin gini yana bakin wanda ya yi gumi a cikinsa, kuma sai ka gaishe shi zai faɗa maka. Ranar baje koli, duk wanda ya tambayi me ya sa ƙofar take sama, ni zan amsa masa da bakina.