Neman Garin Kakata

Shekarun baya ne sosai, tun Turawa ba su kai ga tafiya ba. Lokacin ina saurayi, ina ɗinki a wani ƙauye a ƙasar Bebeji. Na dai ce ina ɗinki, amma keken hawana ya fi keken ɗinkina shan wahala. Ƙafar yawo gare ni. Mahaifiyata kan ce da ana sayar da zama a kasuwa, da ta sayo mini ko na kwabo ne.

Kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, ba 'yar garinmu ba ce. Tana ƙarama mahara suka ci garinsu, aka ɗauke ta, ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har inda ta yi aure. Kowa a gida ya san wannan, amma ba mai tayar da zancen. Sai da ta yi wata doguwar jinya ta tashi, abin ya dawo mata sabo. Ta kasa zama. Ta fito tsakar gida, ta koma ɗaki, ta je ta leƙa zaure kamar mai jiran baƙo.

Wata rana ta kira ni, irin wasan nan na kaka da jika. "Kai maigidan banza, duk yawon nan naka ba ka taɓa ganin garinmu ba?"

Na ce, "Kaka, yaya sunan garin?"

Ta ce, "Yarinya ta san sunan gari? Gida muke ce masa."

Abin da ta riƙe kaɗan ne: ganuwa ta jar ƙasa, ƙofa mai kallon kogi, da lambunan albasa a ƙasan ganuwar, inda mahaifinta yake ban ruwa da jigo. Ta ce so take ta tsaya a inda aka raba ta da uwarta, ta yi mata addu'a, kafin tata ta zo.

Ni da nake neman dalilin fita, ga shi an ba ni har gida. Na jawo abokina, wani manomi mai keke shi ma, muka shiga bin Kogin Kano. Mu fita bayan asuba da fura a gora, mu dawo da magariba. Mun zaga ganuwar Bebeji, mun shiga ƙasar Kiru, mun kai Tudun Wada, har Burumburum mun taɓa. Sai a lokacin na san yawan kufan da ke ƙasarmu. Ka shiga sarƙaƙiya ka tarar da ganuwa ta zube, ga ramukan marina, ga kukoki, ba kowa sai ƙadangaru. Ƙasa da su kuma lambuna kore shar, albasa da alkama da gauta, masu lambu suna ta aikinsu.

Duk dawowa a bakin zaure nake samunta. In kwatanta mata, ta yi tambayoyi, ta girgiza kai. "Ba nan ba ne." Kayan mutane suka taru a rumfata ba ɗinki. Mahaifiyata ta ce ni ke ƙara wa tsohuwa ciwo. Ga bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa, kuma da zarar kogi ya kawo, tafiya ta ƙare sai baɗi. Kakata kuwa ramewa take yi, ba wanda zai yi mata alkawarin baɗi.

Wani Bafulatani mai kiwo ne ya kwatanta mana wani kufai a hayin kogi, kudu da mu. Muka je. Ganuwa ja, ƙofar ta rushe amma kogi take kallo, ga albasa a ƙasanta. Ban san lokacin da na yar da keke na haye kan ganuwar ina ihu ba, har wani dattijo mai lambu ya ɗago ya tambayi abokina ko lafiyata ƙalau.

Da ƙyar mahaifiyata ta yarda. Muka ɗora kakata a kan jaki, ni ina ja, abokina yana tare ta a gefe. Muka tsallake kogi ruwa iya ƙauri, ido na kan sama. Muka isa rana ta fara karkata.

Ta sauka ta dafa ganuwar. Ta dubi kogi, ta juya ta dubi rana. Dattijon nan ya hauro ya durƙusa ya gaishe ta.

"Sannu da zuwa, Iya. An ce nan ne tushenku?"

Ta ce, "Haka yaran suka ce."

Ta zauna a bakin ƙofar ta ɗaga hannu. A ranar na fara jin sunan mahaifiyarta da na ƙaninta da ke goye a bayan uwar ranar da aka raba su. Ta daɗe tana addu'a, mu muna cewa amin, har dattijon ya share ido da gefen rigarsa. Ya tuge mata albasa ya ɗaure da kaba. Muna tsallake kogi a komowa, yayyafi ya fara.

Tun daga ranar ta samu natsuwa. Ta koma kaɗin zarenta, ta daina leƙen zaure. Ni kuwa na bi gari ina cika baki, wai na gano garin da ya ɓata tun kafin a haifi uwata.

Sai da lokacin girbi ya yi, muna ɓarar gyaɗa ni da kakata, ta ce, "Maigida, in gaya maka wani abu kada ka kai gaba? Ba garinmu ba ne."

Na saki baki.

"Namu, in ka tsaya a ƙofa, rana ta kan kogi take fitowa. Wancan kuwa can take faɗuwa. Ina sauka na gane."

"To Kaka, me ya sa kika yi shiru?"

"Su ma an ci garinsu, su ma akwai uwar da aka raba da 'yarta a ƙofar nan. Kuma addu'a ba ta ɓatan hanya. Ka koma ɗinkinka."

Ta rasu a damina ta gaba, hankalinta kwance. Nawa ne bai kwanta ba. Na yi aure, na haihu, ban daina bin kufai ba duk rani. Daga baya aka datse kogin, ruwa ya shanye lambuna da kufai masu yawa a wannan kwarin, har da waɗanda ban kai ga dubawa ba. Yau ga ni na girmi kakata a shekaru, amma ko a mota nake na hango guntun ganuwa, sai na ce direba ya sassauta, in duba ta ina rana take fito mata.