Yaya Tanko Mai Ɗaura wa Gero Aure

Duk ɗan Mabai ya san wana, Yaya Tanko, da tsummoki cike da aljihu. In gero ya fara bununi, sai ya kamo kan geron ya haɗa da kan shibra, geron dajin nan da kowa ke tugewa ya yar. Ya kaɗa su, ya ɗaure da tsumma. Wai aure ya ɗaura. Har goro yake rabawa!

Na ce, "Yaya, shibra fa ciyawa ce."

Ya ce, "Ka taɓa ganin fari ya kashe ta? Ɗan gata ke mutuwa. So nake jikokin gero su ɗauko taurin kanta."

Wata damina ya gwada dawa da masara. Ko ƙwaya. Liman ya tare shi a ƙofar masallaci: "Malam Tanko, ina labarin amarya?"

"Jininsu bai haɗu ba, Allah gafarta Malam. Na raba auren, ba tare da an kai ga alƙali ba."

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, samari suka watsar da fartanya. Ɗansa Sale ya dawo daga Kaduna a kan babur, da buhun shinkafar waje. Ya ce, "Baba, bar wahalar nan. Yanzu abinci a jirgi yake zuwa."

Yaya ya ɗebi shinkafar ya shuka bayan ɗaki, yana ba ta ruwa kullum. Ba ta tsiro ba. Ya kira Sale ya nuna mashi wurin. "Abincin da ba ya haihuwa! Ran da jirgin ya ƙi zuwa, babur za ka dafa?"

Kun sha dariya, ni ma na sha. Amma na san mafarin abin. Wata shekara can baya aka yi fari, gero ya bushe a tsaye. Autarsa Hansai ba ta kai kaka ba. Ni na haƙa kabarin. Muna dawowa ya tsaya bakin hanya yana kallon shibra, koriya shar. Daga nan tsummoki suka fara.

Daminarsa ta ƙarshe ruwa ya ɗauke da wuri. Geron kowa ya lanƙwashe, nashi ya tsaya, ya yi kai. Amma kafin girbi ƙwayar ta zube ƙasa, yadda shibra ke yi. Yana kwance na gaya mashi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Halin uwa! Bar shi, baɗi ma gyara."

Bai ga baɗin ba. 'Ya'yan suna birni, gonar ta dawo hannuna. Ƙwayar nan da ta zube, duk damina sai ta tsiro da kanta a gefen kunya. Ina noma ina kewaye ta.

Allah Ya jiƙan Yaya. Ya haɗa shi da Hansai inda ba a fari.