Dalma a Bakin Riga

Duk layin Mai Labule suke ce mata, don ita ke ɗinka labulen ofisoshi, irin masu nauyin nan da ake jera wa ƙananan dalma a ƙasa don su sauka sambal. Mace ce mai hannu, ga baki kamar reza, ba ta shakkar kowa. Haihuwa kaɗai take tsoro. Yayarta a kan gwiwa ta rasu, kuma maganar masu gaisuwa ce ta zauna mata a kunne: wai ɗan ne ya yi girma.

Da ta samu ciki sai ta ƙulla gaba da kwano. Loma biyu ta ture, wai ta ƙoshi. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, babu mai sa mata ido. Ranar awo nas ta dubi sikeli ta haɗe rai.

"Baiwar Allah, ba kya ƙaruwa fa. Abin da kika ci shi yaron zai ci."

Ai abin da take gudu ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ta koma shago, ta farke bakin doguwar rigarta, ta jera dalma ta ɗinke tsaf. Kowane awo sai ta ƙara layi. Nas har cewa ta yi sauran mata su yi koyi da ita.

Haihuwar ta zo da sauƙi, yadda ta roƙa. Sai dai kukan da ta ji bai fi na ɗan kyanwa ba. Kafin ta ga fuskarsa an yi da shi ɗakin kwalba.

Nas ta dawo ido jajur. "Ni na riƙa auna ki da hannuna. Ina nauyin ya tafi?"

Mai Labule ta saci kallon bakin rigarta. Da ƙyar ta ce, "Sista, zai rayu?"

"Sai addu'a. Ko ƙarfin tsotso ba shi da shi. Ga kofi, tatso mu ba shi."

Ta matsa, ta sake matsawa, ko gindin kofin bai jiƙe ba. Tsoro ya kama ta, wanda ya shafe na baya duka. Ta waiga wajen mijinta da ya iso yanzu yana haki.

"Maigida, samo min abinci. Ko mene ne. Don Allah ka yi sauri."