Man Zaitun da Wayoyin Asibiti

Ƙanena tela ne a Ƙofar Wambai, kuma kafin mu kai shi asibiti ya sha kodin ɗin da zai cika rijiyar gidanmu har a ba maƙwabta. Wata uku aka yanka masa na zaman magani. A mako na biyar ya fara naɗe tabarma.

Sai likita ya ce za a auna aikin ƙwaƙwalwarsa da na'ura. Ƙanena ya ce, "Yaya, in ta nuna kaina ya ƙone, wallahi yau zan tafi. Zaman me zan yi?"

Inna ta ba ni man zaitun da aka yi wa tofi, ta ce in shafa masa kafin ya shiga. Ni kuwa ba na aikin rabi. Na kwarara masa har kansa yana ƙyalli kamar masa a tanda.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta manna masa wayar na'urar a kai, wayar ta zame. Ta sake, ta zame. Ta shinshina yatsunta.

"Wa ya shafa masa mai?"

Na dubi silin.

"Baba, ba a faɗa muku a zo da kai a wanke ba?"

An faɗa. Ni na ɗauka tsafta ake nufi.

Ƙanena ya miƙe. "Ka gani? Ko na'urar ma ta ƙi ni." Ya nufi ƙofar fita. Rabona da gudu tun ina firamare, amma ranar ni da tumbina muka cim masa a bakin famfo. Ban san in na sake shi inda zan sake ganinsa ba.

"Ba kai ta ƙi ba, aikina ta ƙi. Durƙusa."

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya durƙusa. Da sabulun wanki na cuɗa kan nan sau uku, 'yan jinya na kallonmu.

Muka koma ɗakin gwajin, wayoyi suka zauna. Layuka suka yi ta tsalle a allo.

Likita ya duba ya ce ƙwaƙwalwa tana aiki. "Amma ko za ka ƙarasa magani, wannan ba zan karanta maka a nan ba."

Ƙanena ya shafa kansa. "Saura mako nawa?"

"Bakwai."

"Yaya, gobe ka taho min da wani bargon. Kuma ka bar man a gida."